Yadda Za Ka Kare Kanka Idan An Tare Ka a Titin Legas: Binciken Mota, Bindiga da Zargin Maye

Yawancin shari'un da ke fara wa daga bakin titi, a cikin kwana ɗaya na farko ake cin su ko a faɗi. Kafin lauya ya iso, mutum ya riga ya faɗi abin da bai kamata ba, ko ya dangwala yatsa a takardar da bai san abin da ke cikinta ba. Wannan ya fi cin mutanenmu da ke neman abinci a Legas: direbobin tirela da tankar mai a Apapa, masu ɗauko gwari zuwa Mile 12, direbobin gida a Ikoyi da Lekki, 'yan acaba da masu gadi. Da yawansu Turanci sai ɗan abin da ba a rasa ba, Yarbanci kuma na ciniki kawai, kuma a wannan giɓin ake cutar su.

Kafin ka tayar da mota

Takardu biyar ne ake tambaya kullum: lasisin tuƙi, takardar lasisin mota ta shekara, inshora, takardar lafiyar mota, da shaidar mallaka. Mai tuƙin haya a Legas ya ƙara da katin LASDRI, wato makarantar direbobi ta jihar, da takardar izinin haya. Duba ranar ƙarewar kowace, domin takardar da ta mutu jiya daidai take da babu. Inshorar ƙaramar mota ta gida, mafi ƙanƙantar mataki, naira 15,000 ce tun Janairun 2023, kuma 'yan sanda sun tsananta bincikenta daga 1 ga Fabrairun 2025. Ta naira dubu biyu da ake bugawa a bakin ofishin lasisi jabu ce, kuma takardar jabu laifi ne mai zaman kansa wanda ya fi rashin takardar nauyi.

Idan motar ba taka ba ce, ka riƙe wasiƙa daga mai ita da lambar wayarsa. Ka ɗauki hoton kowace takarda a wayarka. A cikin but a samu safaya, jak, tukunyar kashe gobara da ba ta mutu ba, da alamar nan mai kusurwa uku.

Sannan ka binciki motarka da kanka, musamman idan wani ya tuƙa ta jiya: ƙarƙashin kujeru, aljihun gaba, ramin safaya, aljihun ƙofa. Minti biyar ne.

Wane ne ya tsayar da kai

Ikonsu ba ɗaya ba ne. Ɗan sanda yana iya tsayarwa, ya yi bincike, ya yi kamu a kan kowane laifi. Jami'an FRSC, hukumar kiyaye haɗura da aka kafa a 1988, lasisi da bel da taya da gudu da maye ne aikinsu, kuma takardar laifi suke rubutawa ka je ka biya ta banki. LASTMA, hukumar kula da zirga-zirgar motoci, ta jihar Legas ce, tun shekarar 2000, ba sa ɗaukar bindiga, amma suna iya tafiya da motarka ofishinsu. Jami'an VIS lafiyar mota da takardunta suke dubawa. Akwai kuma rundunar jihar da ke Bolade a Oshodi, wadda ita ce ta fi kama babura da masu bin wanwe, wato tuƙi ta hannun da aka hana bi, da NDLEA masu neman ƙwaya da wiwi.

Babu ɗaya daga cikinsu da doka ta ba shi izinin karɓar tara a hannu. Duk kuɗin da ba shi da rasit, na goro ne, kuma mai bayarwa da mai karɓa duka doka ta hau kansu.

Mintunan farko a bakin shinge

Ka rage gudu, ka kunna sigina, ka tsaya a gefe. Idan dare ne ka kunna fitilar cikin mota. Hannayenka biyu su zauna a kan sitiyari inda zai gan su, kada ka fara laluben aljihu ko ƙarƙashin kujera kafin ya tambaye ka. Mutumin da ke tsaye riƙe da bindiga a duhu shi ma a tsorace yake, motsin da bai gane ba shi ke jawo harbi. Ka gaishe shi, ka ce, "Oga, takardun suna cikin aljihun nan, zan ɗauko." Sannan ka ɗauko.

Kada ka gudu, ko da kana da gaskiya. Kada ka riƙe masa riga ko ka ture shi, domin nan take batun takarda zai koma tuhumar dukan jami'i. Kada ka yi kokawa a kan makulli.

Yayin da yake duba takardu, idonka ya yi aiki: sunan da ke ƙirjinsa, lambar motar sintirinsu da abin da aka rubuta a jikinta, wurin da kuke, da ƙarfe nawa. Idan hali ya yi, ka kira ɗan'uwa ko maigidanka a gabansa ka faɗi inda kake da babbar murya. Jami'in da ya san wani ya san inda kake yakan sauya taku.

Bincike

Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta ba ɗan sanda ikon bincikar mutum ko mota a fili idan yana da dalili mai ma'ana na zargin akwai kayan sata ko makami. Dokar ta kuma ɗora masa sharuɗɗa: kafin ya fara, ya faɗi sunansa da ofishinsa, abin da yake nema, da dalilinsa. Sashe na 54 ya ce kamannin mutum, shekarunsa, askinsa ko irin tufafinsa ba su isa dalilin zargi ba. Wato doguwar riga da hula, ko kasancewa ɗan Arewa, ba hujja ba ce. Mace kuwa mace ce za ta bincike jikinta.

Ba za ka iya hana bincike da ƙarfi ba, amma kana iya tsara yadda zai gudana. Ka roƙa a bi sashe ɗaya bayan ɗaya, kana tsaye kana gani. Kada ka bari a ja ka zuwa but alhali wani yana cikin mota shi kaɗai. Ka kulle ƙofofin gaba kafin ku zagaya baya, ko yaron motarka ya tsaya a wurin. Kai ne za ka buɗe jaka da kanka. Cikin ladabi kana iya neman ganin tafin hannun mai binciken kafin ya zura shi cikin aljihun mota.

Waya daban take. Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin wayar ɗan ƙasa, kuma shugabannin 'yan sanda sun sha faɗa a fili cewa ba a yarda jami'i ya riƙa tona wayar mutane a kan hanya ba. Ka ce a natse ba ka yarda ba. Idan ya ƙwace da ƙarfi ka bar shi, ka riƙe sunansa, a kai ƙara daga baya.

Bindiga

Nan ne wuri mafi haɗari, don haka a tsaya a fahimta sosai. Dokar Makamai ta 1959, wadda har yau ake aiki da ita, ta raba bindigogi gida uku. Na farko haramtattu, irin su bindigar soja, mai sarrafa kanta, da duk wata ƙaramar bindiga ta hannu, fistol ko libarba. Waɗannan sai da lasisin Shugaban Ƙasa, kuma hukuncin riƙe su ba lasisi bai gaza shekara 10 ba. Na biyu bindigogin farauta masu baki ɗaya ko biyu, lasisinsu daga Sufeto Janar na 'yan sanda yake fitowa, hukuncin rashinsa ya kai shekara 5. Na uku bindigar toka, wadda ake ɗurawa ta baki, ita kuma tana ƙarƙashin Kwamishinan 'yan sanda na jiha. Harsashi ma sai da lasisi: ƙwaya ɗaya da aka manta a aljihun mota ta isa a buɗe wa mutum fayil.

Masu gabatar da ƙara kan fi son wata dokar, ta Fashi da Makami ta 1984, wadda ta tanadi ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba, ko tara, ko duka biyun, ga wanda aka samu da bindiga ba izini. A ƙarƙashinta, ko bindigar roba ce aka same ka da ita a fili cikin yanayin da ke nuna shirin fashi, laifi ne babba. Idan kuwa aka haɗa tuhumar da fashi da makami, hukuncinsa kisa ne, majistare ba shi da hurumin saurarensa, beli kuma sai babbar kotu.

Hanyoyi uku ne mutanen kirki ke faɗawa cikin wannan rami. Na ɗaya saƙo. Ana kawo maka buhu ɗinkakke a tashar Agege ko Alaba Rago a ce buhun wake ne, ka kai Kano ko ka sauke a Mile 12. Ka sa a buɗe a gabanka, ka rubuta sunan mai aikowa da mai karɓa da lambobinsu a littafin tasha, ka ɗauki hotonsa tare da kayan. Wanda ya ƙi a buɗe kayansa, ka bar masa abinsa komai yawan kuɗin da zai biya. Na biyu gadi. Lasisin bindiga na mutum ɗaya ne, da sunansa da lambar bindigar. Idan maigida ya miƙa wa maigadinsa bindigarsa, maigadin ba shi da lasisi, kuma shi za a kama. Hatta kamfanonin gadi masu rajista, dokar 1986 ta hana ma'aikatansu ɗaukar bindiga. Na uku bindigar gado da mutum ya taho da ita daga ƙauye, yana ganin ai kowa ya san gidansu gidan farauta ne. A Ojota babu wanda ya san gidanku.

Mahautan Oko-Oba ma su kula: wuƙaƙen aiki a naɗe su a cikin jaka a but tare da katin ƙungiya, kada a soke su a ƙugu ko a ajiye a gefen giyar mota.

Idan aka ce an ga bindiga a motarka kuma ba ka san da ita ba, kada ka taɓa ta ko da an ce ka riƙe a ɗauki hoto. Ka faɗa sau ɗaya a gaban fasinjoji cewa ba taka ba ce kuma ba ka san da ita ba, sannan ka yi shiru. A kotu, wajibi ne mai ƙara ya tabbatar da cewa abin yana hannunka da saninka, cewa bindiga ce a idon doka, kuma ba ka da lasisi. Lauya mai kyau zai bi diddigin waɗannan: wa ya gano ta, a wane lungu na motar, su wa ke wurin, mutum nawa ke amfani da motar, an rubuta lambarta a rajistar kayan shaida, masanin bindiga ya gwada ta ya rubuta rahoto, kuma wadda aka kawo kotu ita ce aka ɗauko a ranar? Hoton mai saƙo da littafin tasha a nan suke ceton rai.

Maye

Wani zai ce wannan bai shafe shi ba tunda ba ya shan giya. Ya shafe shi. Dokar tuƙi cikin maye ta haɗa giya da ƙwaya: tiramadol da ake sha don a raba dare ana tuƙi, maganin tari mai kodin wanda gwamnatin tarayya ta hana sarrafa shi a 2018, wiwi, har maganin mura mai sa barci. Sannan akwai agbo da ake sayarwa a tashoshin Legas da sunan maganin basir da ciwon baya. Kashi biyu ne, na ruwa da wanda aka jiƙa da ogogoro. Direba na iya kurɓar na biyun da safe bai san barasa ya sha ba, na'ura kuma ba ruwanta da niyya. Ka tambayi mai sayarwa kafin ka karɓi kofi.

Littafin ƙa'idojin hanya na FRSC ya sa iyakar barasa a jini a kan 0.05 cikin ɗari. Babbar kwalbar giya ɗaya na iya kai mutum marar jiki kusa da wannan iyaka, biyu kuwa su haura da shi. Hanta na rage kusan 0.015 ne kawai a awa ɗaya, kuma goro ko shayi mai kauri ko wanka ba sa ƙara mata sauri. Shi ya sa wanda ya sha da yawa da tsakar dare na iya faɗuwa gwaji da asuba. Dokar FRSC ta 2007 ta tanadi tara ko ɗaurin da ya kai shekara 2 ko duka biyu, idan kuma tuƙin ganganci ya jawo mutuwa, ɗaurin ya kai shekara 7. Jihar Legas na da nata hukuncin a dokar sufuri ta 2018.

Idan aka miƙo maka na'urar hura iska, ƙin hurawa ba ya taimakonka, zai zama hujja a kanka. Ka lura da abubuwa huɗu. Bakin robar sabo ne daga leda? An jira minti 15 zuwa 20 tun abu na ƙarshe da ka sa a baki? Wannan jiran yana da dalili, domin ragowar maganin kurkure baki ko maganin ruwa mai barasa kan sa na'ura ta nuna adadi mai yawa alhali jini bai ɗauka ba. An nuna maka lambar da ta fito? An rubuta lokacin? Idan ba ka yarda da sakamakon ba, ka nemi a sake, kuma ka nemi a kai ka asibitin gwamnati a ɗebi jini nan take, tunda kowace awa na sauya adadin. Mai ciwon suga ya faɗa tun farko, domin faɗuwar suga na kawo tangaɗi da karyewar harshe kamar na mashayi. A kotu lauya zai tambayi ranar da aka daidaita na'urar da horon wanda ya riƙe ta. Cewar jami'i "na ji wari, idonsa ya yi ja" shaida ce mai rauni a kan direban da ya kwana biyu a layin tashar jiragen ruwa.

Idan an sami ƙwaya ko wiwi a jikinka, maganar ta bar batun tuƙi ta koma hannun NDLEA da Babbar Kotun Tarayya, inda dokar ta ambaci shekara 15 zuwa 25 a kan mallaka. Mai shan magani bisa umarnin likita ya riƙe takardar asibiti tare da maganin a kwalinsa.

In haɗari ya faru kuma taro ya fara haɗuwa da duwatsu, ka nufi caji ofis mafi kusa ka kai kanka, ka kira 112 ko 767 a kai wa wanda ya ji rauni ɗauki. Wannan daban yake da tserewa gida.

Wanwe da acaba

Bin wanwe a Legas na iya cinye motar ɗungurungum. Kotu na ba da umarnin ƙwace ta, kuma a Satumbar 2022 gwamnatin jihar ta yi gwanjon motoci fiye da ɗari da aka ƙwace. An hana acaba a ƙananan hukumomin Ikeja, Surulere, Eti-Osa, Apapa, Lagos Island da Lagos Mainland daga 1 ga Yunin 2022, aka ƙara Kosofe, Oshodi-Isolo, Shomolu da Mushin daga 1 ga Satumba. Baburan da aka kama niƙe su ake yi, kuma mai tuƙi da fasinja duka ana iya gurfanar da su.

A caji ofis

Sashe na 35 na tsarin mulki ya ba ka damar yin shiru har ka ga lauya, ya wajabta a sanar da kai dalilin kamu a rubuce cikin awa 24 da harshen da kake ji, kuma a kai ka kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tsakanin kilomita 40. A cikin Legas babu caji ofis da ya yi nisan haka da kotu. Laifin da hukuncinsa kisa ne kaɗai aka ware daga wannan wa'adi.

A kantar caji ofis za a karɓi kayan aljihunka. Ka ƙirga kuɗin a bayyane, ka tabbata an rubuta. Daga nan sai sitatimen, kuma magana zarar bunu ce. Abin da ke faruwa shi ne, mai bincike ya yi tambaya da Turancin buroka, ka amsa da guntun abin da ka iya, shi ya rubuta da hannunsa, ya turo maka tawada. Bayan shekara biyu a karanta a kotu cewa ka amsa bindigar taka ce. Ka nemi tafinta, ka nemi a karanta maka da Hausa, tafintan ya rubuta sunansa ya sa hannu. Kana iya rubutawa da hannunka da Hausar boko. Kada ka sa hannu a farar takarda, kuma ka ja layi a duk filin da ya rage a ƙasa.

Sashe na 9 na dokar shari'ar laifuka ta jihar Legas ya ce ikirarin laifi a ɗauke shi a bidiyo ko a yi shi a gaban lauyan wanda ake zargi, kuma a 2023 Kotun Ƙoli ta tabbatar a wata shari'a daga Legas cewa wannan sharaɗi wajibi ne. Dokar hana azabtarwa ta 2017 ta tanadi ɗaurin da ya kai shekara 25 ga jami'in da ya azabtar. Wanda aka doka har ya sa hannu ya gaya wa lauyansa ranar farko, ya nuna wa majistare tabon, a nemi rahoton likita kafin ciwon ya warke. Gyaran da aka yi wa dokar jihar a 2021 ya hana baje kolin waɗanda ake zargi a gaban 'yan jarida, sashe na 36 na Dokar 'Yan Sanda kuma ya hana kama mata ko ƙane a madadin wanda ake nema.

Belin 'yan sanda kyauta ne a doka. Wanda ba shi da kuɗin lauya, 'yan'uwansa su je Ofishin Lauyan Jama'a na jihar Legas da ke Surulere, ko Hukumar Ba da Agajin Lauya ta tarayya. Sarkin Hausawan unguwa da shugabannin ƙungiyar direbobi suna da amfani wajen samo tafinta da mai tsayawa, amma kada zuwansu ya hana kiran lauya. Jami'in da ya nemi kuɗi ko ya wuce gona da iri, ana kai ƙararsa ga DPO ko sashen karɓar koke na rundunar, CRU.

A gaban alƙali

Ƙananan laifukan hanya kotun tafi-da-gidanka ce ke yanke su, sau da yawa cikin mintuna. Magatakarda zai karanta tuhuma da Turanci da sauri, mutum ya ji an ambaci sunansa ya ce "eh, yallaɓai", a rubuta ya amsa laifi. Sashe na 36 na tsarin mulki ya ba ka tafinta kyauta. Ka ɗaga hannu ka ce ba ka ji ba, kada ka amsa komai sai an fassara. Idan laifin ƙarami ne kuma ka aikata, amsawa da neman sassauci kan fi sauƙi, amma ka fara tambaya ko hukuncin ya haɗa da ƙwace mota. A kan bindiga ko ƙwaya ko mutuwa, kada ka amsa laifi ba lauya a gefenka. Idan hukunci bai yi maka ba, kwana 30 gare ka ka ɗaukaka ƙara daga kotun majistare.

A manyan tuhume-tuhume majistare kan tura mutum Kirikiri ko Ikoyi na kwana 30 a karon farko, ana jiran shawarar ofishin DPP, wato daraktan gabatar da ƙara na jiha, a ma'aikatar shari'a da ke Alausa. A nan mutane ke ɓacewa shekaru, domin fayil ɗin bai ma bar teburin mai bincike ba. 'Yan'uwa su karɓi lambar tuhuma da sunan kotu da ranar dawowa, lauya ya bi ya tabbatar an aika kwafin fayil, ya kuma shigar da neman beli a babbar kotu.

Belin kotu a Legas kan zo da sharuɗɗan da ke kayar da baƙo: masu tsayawa ɗaya ko biyu, adireshin da ma'aikacin kotu zai je ya gani da idonsa, shaidar biyan haraji ga jihar Legas, katin zama na LASRRA, hukumar rajistar mazauna jihar, wani lokaci kuma ɗayansu ya zama ɗan'uwa na jini. Mace tana iya tsayawa, doka ta faɗi haka ƙarara. Wanda ke kwana a rumfar kasuwa ko cikin tirela ba shi da adireshin da kotu za ta karɓa, don haka tun yanzu ka san mutum biyu masu gidan haya da takardar haraji da za su iya tsaya maka, ka haddace lambobinsu a ka, domin wayarka tana kantar caji ofis lokacin da za ka buƙace su. Idan sharuɗɗan sun fi ƙarfinku, lauya na iya roƙon kotu ta sassauta su. Masu tsayawar haya da ke yawo a harabar kotu kuwa a guje su: takardunsu kan zama na jabu, kuma idan aka gano, belin ya rushe a mayar da mutum gidan yari.